Jarumai 18 ko 37: abin da ke saura a faifan gem ɗin faɗa idan babu intanet

Tambayar farko da mai sayen gem ɗin faɗa ke yi a shagunan Sakkwato ita ce, "Mutum nawa ne a ciki?" Sai mai shago ya juya bayan kwali ya ce 37, ko 32, ko 18, a nan ciniki ke faɗawa ko ya watse. Wannan sharhi a kan faifai uku ne da na buga sosai, ni kaɗai da kuma cikin taro: Street Fighter 6 da Mortal Kombat 11 Ultimate a PS4, sai Tekken 8 a PS5. Hukuncina shi ne, ga wanda zai ajiye na'ura a ɗakinsa a garin nan, yawan jarumai abu na uku ne da ya kamata ya duba. Na farko shi ne abin da mutum zai iya bugawa shi kaɗai ba tare da intanet ba. Na biyu kuma, ko wannan abin yana koya masa faɗa, ko kuwa lokacinsa kawai yake ci.

Dalilin yana cikin yadda waɗannan wasanni ke aiki. Gem ɗin faɗa yana nuna hoto 60 a daƙiƙa ɗaya, kowane hoto shi ake kira firam, kuma da firam ake auna komai. Naushin gaggawa na Tekken yana fita a firam 10. A Street Fighter 6 bugu mafi sauri na yau da kullum firam 4 ne. To idan saƙo tsakaninka da abokin karawarka yana ɗaukar kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya je ya dawo, firam 9 ke nan, kusan tsawon naushi guda. Duka wasannin uku suna amfani da dabarar da ke yin hasashen maɓallin da abokin hamayya zai danna, ta gyara idan hasashen bai yi daidai ba. Dabarar tana ɓoye ɗan jinkiri, amma ba ta ɓoye sabis mai hawa da sauka. Wanda ya jona na'urarsa da wayar hannu a Mabera ko Arkilla, abokin karawarsa yana Turai, zai ga jarumi ya yi tsalle ya ɓace ya bayyana a bayansa. Ga kuɗin PS Plus, rajistar Sony da sai an biya kafin a shiga wasan intanet, ga kuma alamar da Street Fighter 6 da Tekken 8 ke nunawa ta wanda ke kan wayifai, wadda da yawa daga masu wasa da zarar sun gan ta sai su ƙi karɓar karawar. Saboda haka yawancin awannin da mutumin Sakkwato zai yi da faifansa, da kwamfuta zai yi su, ko da wanda ke zaune kusa da shi a kan tabarma.

Akwai lissafin da ba a rubutawa a bayan kwali. Jarumai 18 suna ba da karawa iri 153 tsakanin mutum biyu daban-daban. Jarumai 32 suna ba da 496, jarumai 37 kuma 666. Kowane jarumi da aka ƙara, aiki ne aka ƙara wa mai koyo, domin ko ba za ka taɓa ɗaukar sa ba, sai ka san wane bugunsa ake tarewa a tsaye, wane ake tarewa a durƙushe, da wanda idan ka tare kana da damar ramawa. A Tekken, inda jarumi ɗaya kan riƙe bugu sama da 100, wannan ba ƙaramin karatu ba ne. Mai wasa na gaske kuwa jarumi ɗaya yake riƙewa, in ya yi yawa biyu ko uku.

Street Fighter 6 na kamfanin Capcom ya fito ranar 2 ga Yuni 2023 da jarumai 18, kuma a cikin ukun nan shi ne ya fi ƙarancin mutane. Shi ne kuma na fi ba wa mai koyo shawarar saye. Sashensa na mutum ɗaya, World Tour, yana ba ka damar ƙera jaruminka da kanka, ka yi yawo a birnin Metro City, daga baya ka wuce ƙasar Nayshall, kana neman manyan jarumai kamar Luke da Chun-Li da Ryu kana zama almajirinsu. Kowane malami yana ba ka tsayuwarsa da bugunsa na yau da kullum, sannan yana sakar maka manyan bugunsa ɗaya bayan ɗaya. Hikimar a nan take: maimakon a jibge maka jerin bugu gaba ɗaya, bugu guda ake ba ka, ka yi ta amfani da shi a kan 'yan daban titi har ya zauna a yatsa.

Ƙananan ayyukan neman kuɗi da ke cikinsa ma darasi ne a ɓoye. Akwai na haɗa fiza, inda ake nuna maka juyin da za ka yi da maɓallin alƙibla, ƙasa, ƙasa-gaba, gaba, irin juyin da ke fitar da Hadoken, dunƙulen ƙarfin da Ryu ke harbawa. Akwai na saran kwalabe, mai koyar da riƙe alƙibla ɗaya na ɗan lokaci kafin a saki zuwa ɗaya ɓangaren, wanda shi ne tushen wasan jarumi Guile. Akwai kuma na tare ƙwallon kwando, mai koyar da lokacin danna Drive Parry, wato tarewa ta musamman mai karkatar da bugu. Yaron da ya yi mako yana waɗannan ya koyi abin da a da sai wani babba a gidan gem ya ga dama ya nuna masa.

World Tour yana da nasa aibu, kuma babba ne. Tsarin matakin ƙarfi yana gurɓata karatun. Idan matakinka ya fi na abokin faɗa nesa, kowane shirme ka danna za ka ci. Idan nasa ya fi naka, ko ka yi wasa mai tsabta sai ka ga ma'aunin jininsa ba ya motsi, sai ka koma cin abincin ƙara jini a tsakiyar faɗa. Wasu abokan faɗan ma ba mutane ba ne, firji ne da na'urori masu tashi sama, waɗanda ba su koya maka komai game da karawa da mutum. A PS4 sashen yana da nauyi, lodinsa ya fi tsawo, kuma motsinsa bai kai sumul ɗin Fighting Ground, sashen faɗa na yau da kullum, ba. Don haka kada a tsaya a nan. Bayan an kama hannu, a koma ɗakin atisaye, wanda a ganina shi ne mafi kyau a cikin ukun. Yana da ma'aunin firam a ƙasan allo mai nuna da launi lokacin da bugu ke fitowa, lokacin da yake iya taɓa mutum, da lokacin da jarumi ke komawa tsayuwarsa. Yana da shiryayyun atisaye: kakkaɓo mai tsalle, ramuwa bayan tarewa, da mayar da martani ga Drive Impact, wani bugu mai nauyi da kowane jarumi ke da shi. Wannan na ƙarshe shi ke kashe sababbi. Bugun yana fita a firam 26, yana cin sanda 1 daga cikin 6 na ma'aunin Drive, kuma idan ya same ka a jikin bango ko ka tare sai ya manna ka. Maganinsa ka danna naka Drive Impact ɗin da zarar ka ga launin ya fantsama. Minti 10 a kullum a kan wannan atisaye kaɗai ya fi amfanin sababbin jarumai huɗu.

Na ce huɗu ne domin haka Capcom ke sayar da su. A shekarar farko an ƙaro Rashid da A.K.I. da Ed da Akuma, a ta biyu M. Bison da Terry da Mai da Elena 'yar Kenya. Gem ɗin ya fito a kan dala 60, takardar jarumai huɗu ta shekarar farko kuma dala 30. Rabin kuɗin gem gaba ɗaya ke nan a kan mutum huɗu.

Capcom ba haka kawai suka gane muhimmancin wasan mutum ɗaya ba. Street Fighter V ya fito a Fabrairun 2016 da jarumai 16, babu ko sashen da ake bin jarumai ɗaya bayan ɗaya har a kai ga ogansu, abin da kowa ya sani tun zamanin Street Fighter II. Babban labarinsa sai bayan watanni ya iso, sashen bin jarumai kuma sai a Janairun 2018. Daga baya jarumansa sun haura 40, amma sunan da ya yi na faifan da babu komai a ciki ya daɗe yana bin sa. Tsarin faɗansa ba shi da laifi. Abin da ya rasa shi ne abin da mutum zai yi idan ya kunna shi kaɗai.

Mortal Kombat 11 shi ne ya fi jan ido a shago, kuma da dalili. Ya fito a Afrilun 2019 da jarumai 25, bugun Ultimate na Nuwamban 2020 ya kai su 37, har da baƙi irin su Rambo da RoboCop da Terminator da Joker. Labarinsa babi 12 ne, ƙarin Aftermath ya kawo 5, kuma an tsara shi kamar fim, daga kallo a zarce faɗa ba tare da tsayawa ba. A wajen daɗin kallo babu na biyunsa a ukun nan. Amma a wajen koyarwa yana da rauni, domin kowane babi jarumi daban ake miƙa maka. Kafin ka haddace kombo ɗaya na Kitana, wato jerin bugu da ke bin juna, an karɓe ta an ba ka wani. Ka gama labarin kaf, ka taɓa kowa, ba ka iya kowa ba.

Abin da ke ceton sa shi ne sashen koyarwa, wanda mutane ke tsallakewa. Yana bayanin firam dalla-dalla, yana nuna bambancin bugun da za ka jefa ka tsira da wanda za a hukunta ka a kansa, har da tarewar da ake yi daidai lokacin da bugu zai sauka. Yana kuma warware matsalar da ke damun waɗanda suka taso da Street Fighter: a Mortal Kombat ba a jiran bugu na farko ya sauka kafin a danna na biyu. Jerin maɓallan gaba ɗaya ake dannawa da sauri, jarumi ya biyo baya. Wanda ke jira ya ga naushi ya taɓa, kombonsa zai riƙa yankewa a bugu na biyu, ya yi zaton hannun gem ɗinsa ne ya lalace.

Inda Mortal Kombat 11 ya ba ni haushi shi ne nan: manyan sassansa biyu na mutum ɗaya, Towers of Time (hasumiyoyin da ake hawa ana faɗa mataki-mataki) da Krypt (inda ake yawo ana buɗe akwatunan lada), ba sa buɗewa sai da intanet. A cikinsu ake samun yawancin tufafi da makamai da kayan ado na jarumai. Data ta ƙare ko sabis ya ɗauke, abin da ya rage maka shi ne labari, Klassic Towers (sashen bin jarumai), koyarwa, atisaye, da karawar mutum biyu. Ko da akwai intanet ɗin, Towers of Time ba faɗa mai tsabta ba ne. Ana jefo maka makamai daga sama, ana duhunta allo, kai ma kana shiga da kayan taimako. Har akwai damar ka sa kwamfuta ta buga maka hasumiyar kana zaune kana kallo, don dai a tara kuɗin cikin gem. Duk sashen da za a iya bar wa kwamfuta ta buga a madadinka, ba don ya koya maka aka yi shi ba.

Iyaye kuma su sani, wannan gem na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. Yanka da fasa kai da zubar jini a fili ake nuna su. Bai dace a bar shi a falo inda ƙananan yara ke shiga ba, kuma mai gidan gem da ke karɓar 'yan firamare ya kamata ya yi tunani a kan wannan.

Masu son yawa su tuna da Mortal Kombat: Armageddon na 2006 a PS2, wanda ya tara jarumai 62. Don a samu wurin kowa, an rage salon faɗan jarumi daga uku zuwa biyu, an kuma cire kisan ƙarshe na musamman da aka san kowane jarumi da shi, aka sa tsarin da kowa ke haɗa nasa daga motsi iri ɗaya. Allon zaɓe ya cika, amma da yawansu da ka riƙe su sai ka ji kamar mutum ɗaya ne ya sauya riga. Marvel vs. Capcom 2 na shekarar 2000 yana da 56, amma a manyan gasanni 'yan ƙalilan ne ke yawo, su Magneto da Storm da Sentinel da Cable.

Tekken 8 na Bandai Namco, wanda ya fito ranar 26 ga Janairu 2024 da jarumai 32, shi ne ya fi kusa da haɗa biyun. Amma babu shi a PS4, sai PS5 da Xbox Series da kwamfuta, kuma yana cin wuri kusan gigabait 100. Labarinsa na Jin da mahaifinsa Kazuya babi 15 ne, ana iya gama shi a yini ɗaya, kuma tun da yawancinsa da Jin ake yi, mutum yana fita da ɗan abin hannu. Kowane jarumi yana da gajeren labarinsa na faɗa 5. Sashen Arcade Quest yana ɗaukar sabon shiga daga tushe: maɓalli huɗu, kowanne gaɓa ɗaya, hannu biyu ƙafa biyu, sannan a hankali a kai shi ga tsarin Heat, ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci da ake kunnawa sau ɗaya a kowane zagaye.

Abu biyu ne suka sa na ɗaga wa Tekken 8 hula. Na ɗaya Super Ghost Battle. Kwamfutar gem ɗin faɗa ta gargajiya ba ta wasa kamar mutum: a mataki mai sauƙi tsayawa take yi a doke ta, a mataki mai wuya kuma tana mayar da martani da saurin da ɗan Adam ba ya iyawa, sai ka koyi dabarar yaudarar na'ura wadda ba ta aiki a kan mutum. A nan kuwa gem ɗin yana kallon wasanka ya gina wani jarumi mai halinka. Idan kullum da ka faɗi sai ka tashi da shurin ƙasa, shi ma haka zai yi, sai ka ga aibinka a gabanka kamar ɗan damben da aka haɗa shi da inuwarsa. Sauko da na wasu mutane yana buƙatar intanet, amma naka da waɗanda ke cikin faifan suna nan. Na biyu shi ne My Replay & Tips. Yana maimaita faɗan da ka yi, ya tsaya daidai inda ka yi kuskure, ya ce a nan da ka rama da bugu kaza, wannan kamun da maɓalli kaza ake kwance shi, wannan jerin a durƙushe ake kauce masa. Sannan ya ba ka daƙiƙa 10 ka karɓi jarumin a daidai wurin ka gwada har sai ka iya. Da wannan ne jarumai 32 suka zama abin da za a iya koya. A Tekken 7 na 2017 babu sashen koyarwa na kirki, kuma ganin lissafin firam a ɗakin atisaye ma sai da aka sayar da shi daban.

Duk da haka akwai wurin da yawan jarumai ke yin nasara, kuma ba zan rage masa daraja ba: gidan gem. A shagon da ake biya kowane wasa, a Runjin Sambo ne ko kusa da masaukin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, babu mai biyan kuɗi don ya kalli labari. Mutum goma na jiran layi, wanda aka ci ya miƙa hannu, kowa yana son nasa gwanin. Wannan Scorpion, wancan Sub-Zero, wani ya ce shi dai Rambo. A irin wannan wuri Mortal Kombat 11 Ultimate ko Tekken 7 a PS4 sun fi dawo da kuɗi, kuma World Tour ba shi da wani amfani ga mai shago. Haka gidan da ke da samari da yawa. Abin da zan ƙara kawai shi ne Street Fighter 6 yana da tsarin Modern, inda maɓalli ɗaya ke fitar da babban bugu a kan ragin kashi 20 cikin 100 na ƙarfinsa. Wannan yana sa baƙon da bai taɓa riƙe hannu ba ya iya karawa tun ranar farko, kuma yana rage cin robar maɓallin alƙibla, wadda ita ce ke fara mutuwa a hannun da ake juyawa dare da rana.

Wanda zai saya, musamman faifan hannu, ya sa a saka shi a na'ura a gabansa, a kashe intanet, ya shiga allon zaɓe ya ƙirga waɗanda ke buɗe da idonsa. Wasu bugunan da ke alƙawarin cikakkun jarumai lambar saukewa ce ke cikin kwalinsu, kuma sau ɗaya take aiki. Idan mai shi na farko ya yi amfani da ita, kwalin ne kawai ke cewa cikakke. Sannan ya bi sassan mutum ɗaya ɗaya bayan ɗaya ya ga wanne ke buɗewa, wanne ke neman a jona. Wanda zai sayi ƙarin jarumai kuma ya tabbata yankin asusunsa ya dace da yankin faifan. Faifan Turai da asusun Amurka, kuɗi zai fita, jarumi ba zai bayyana ba. Bayan saye a sa na'urar ta zama ta farko ga wannan asusun a cikin saiti, in ba haka ba ranar da babu intanet jaruman da aka biya za su fito da kwaɗo a kansu.

Wasan mutum ɗaya yana da wani haɗari da karawar mutum biyu ba ta da shi: awanni ne masu yawa a cikin fayil ɗaya. Idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da alamar ajiya ke juyawa, fayil ɗin na iya lalacewa. A jona na'urar ta inbata ko ƙaramin batirin riƙe wuta, ba kai tsaye daga janareto ba. PS5 tana jan wajen wat 200 a cikin wasa, ban da talabijin, a yi lissafin batir da haka. A PS4 ana iya kwafe ajiyar yawancin wasanni zuwa filashi daga cikin saiti, kuma ya kamata a riƙa yi duk mako. Wasannin PS5 ba a kwafe ajiyarsu ɗaya-ɗaya zuwa filashi, sai ta PS Plus ko a kwafe na'urar gaba ɗaya. Idan PS4 ta fara nauyi bayan ɗaukewar wuta, a kashe ta, a riƙe maɓallin kunnawa har a ji ƙara ta biyu, a jona hannu da waya, a zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge ajiya.

Sai zafi. Sony sun rubuta cewa na'urorin nan an yi su ne don aiki tsakanin digiri 5 zuwa 35, Sakkwato kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Doguwar zama a World Tour ko labarin Tekken da tsakar rana a ɗakin da babu sanyi ita ke sa fankar na'ura ta yi ta kuka har ta kashe kanta. A ɗora ta a kan tebur, ba a ƙasa ba, ba kuma cikin durowar talabijin ba, a bar mata aƙalla santimita 10 daga bango. Lokacin hunturu a rufe ta da ƙyalle idan an kashe, a riƙa share ramukan iskarta da busasshen burushi, domin ƙurar da ta taru a Disamba da Janairu ita ce ke toshe ta idan bazara ta shigo.